Lambar Suhuyini Ba Ta Fashin Aji

Laraba, 17 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Suhuyini ba ta kwana a ɗaki ba. Bokitinta na nan, takalmin wankanta na nan, akwatin katakonta na ƙarƙashin gado da kwaɗonsa. Littafin nan don darasin ƙididdiga na saye shi, amma tunda ba ni da wanda zan faɗa wa, shi zan faɗa wa.

A takarda ɗakinmu na mutum huɗu ne, amma mu biyar ne a ciki, kuma ta biyar ɗin ita ce Suhuyini. Garinmu ɗaya, Karaga, makarantar kwana ɗaya muka yi, fanni ɗaya aka ba mu a jami'ar nan ta Kumasi. Ni na samu gado, ita sunanta bai fito ba, sai muka raba nawa, ni jikin bango ita baki. Doka ta ce duk wadda aka kama da 'yar raɓe gadonta ya tafi. Rabin benen nan haka ake kwana, kuma kowa ya sani.

Wataƙila wajen wata ta kwana. Sai dai ban san tana da wata ba.

Alhamis, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Na rubuta mata lambarta a takardar halarta, kamar yadda nake yi mako biyu ke nan. Mu kusan ɗari tara ne a ɗakin lacca. Malamin na can ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa, bakinsa ya motsa, sai daga baya muryar ta faɗo daga lasifika. Takardar tana bin layi-layi, kowa ya sa lamba ya sa hannu. Tata 20417. Tana yi wa bakwai ɗinta ɗamara a tsakiya, ni ma na iya yanzu.

A makarantar kwana in ka makara minti biyar a taron safe, an riga an aika a duba ko kana raye. A nan ko jaki ya zauna a kujerarka, in dai ya iya riƙe biro, ɗalibi ne.

Juma'a, 19 ga Oktoba, ƙarfe uku

M'ma Azaratu ta kira. Mahaifiyar Suhuyini ce, kuma wayata take kira duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don wayar Suhuyini ta mutu tun makon farko. Na ce mata tana ɗakin karatu, ba a shiga da waya. Ta yi dariyar jin daɗi, ta ce yarinyar nan littafi ne zai cinye ta, in riƙa tura mata abinci ko da ƙarfi. Ta sa mini albarka har sai da kunnena ya yi zafi.

Ban yi niyyar ƙarya ba. Tana tambaya, amsar ta fito da kanta.

Lahadi, 21 ga Oktoba, da hantsi

Har yanzu jikin bango nake kwana. Na bar mata gefenta.

Litinin, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta daga farko, ko na ga inda abin ya karkace.

Suhuyini ce ta zo ta ɗaya a duk gundumarmu. An faɗi sunanta a rediyo, matan unguwa suka yi guɗa, shugaban makaranta ya ce mana a taro irinta ce jami'a ke jira. Mu kuwa muka ɗauka da gaske jira ake yi. A mota, tun daga Tamale, take tsara mini yadda za ta riƙa zama a layin gaba, malamai su san sunanta cikin mako guda, ta riƙa bin su ofis da tambayoyi. Ni dai burina in ga fanka a ɗaki.

Fankar tana nan, ba ta juyawa. Layin gaba kuwa kafin mu gama layin wanka an shimfiɗa masa littattafai da ɗankwalaye, an kama wa abokai. Sau ɗaya ta je ofishin malami. Ta tsaya awa biyu, ya fito yana waya, ya tambaye ta ko ita ce mai kawo ruwa.

Sai gwajin farko. Aka liƙa sakamako a allon sanarwa, lambobi zalla, ba suna. Ta bi da yatsa har ta kai tata, ta sake bi daga sama. Sha ɗaya cikin arba'in. Ni ashirin da shida, ni da nake kwafar aikin gida a littafinta shekara uku. Ba zan ɓoye wa takarda ba, wani abu ya yi mini daɗi a ƙirji kafin kunya ta zo ta danne shi. Ina jin ta gani.

Ɗalibai fiye da ɗari uku suka faɗi gwajin nan. Da yamma suna ta cin kelewele, soyayyar ayaba mai yaji, suna zagin malamin, sun manta. Ita ba ta taɓa faɗuwa ba, ba ta san yadda ake yi ba. Washegari ta ce kanta na ciwo, in sa mata lamba. Daga nan kullum.

Sai ranar Talata. Ba yau zan rubuta ta Talata ba.

Laraba, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Sista Konadu, babbar ɗakinmu, 'yar shekarar ƙarshe, ta lura yau. Yau, bayan kwana takwas. Tana shafa mai ta tambaye ni ina 'yar uwata mai fuskar ta'aziyya. Na ce ban sani ba.

"Saurayi ta samu," in ji ta. "Ku 'yan Arewa shiru-shirunku ya fi surutunmu aiki. Ki sa ido, za ta dawo da sabuwar waya."

Na ce Suhuyini ko gaisuwar namiji ba ta amsawa da kyau. Ta ce to gida ta gudu, duk shekara ana yi, a zamaninsu ma wata ta tafi sai bayan wata biyu aka gane, shi ma don tabarmar sallarta ta yi ƙura ne. Ta faɗi haka tana duba haƙoranta a madubi. Sannan ta ja mini kunne kada in kuskura in kai magana ofis, don in aka zo tambaya ɗakin gaba ɗaya za a kwashe, ita kuma saura mata wata bakwai ta gama.

Na tsane ta na minti goma. Bayan nan na ga ba abin da ta faɗa wanda ban riga na faɗa wa kaina ba.

Juma'a, 26 ga Oktoba, ƙarfe uku da kwata

Ba ta je gida ba, don M'ma Azaratu ta kira tana tambayarta. Na ce sun tafi aikin rukuni. Ta ce, "Tiyumba, lafiya dai take ko?" Na ce lafiya lau. Ta ce in gaya mata akuyarta ta haifi biyu.

Asabar, 27 ga Oktoba, da rana

Na wanke zanin gado. Gefenta na katifar har yanzu a lotse yake, ƙanƙanin rami daidai kafaɗa. Na juya katifar. Da na dawo daga shanya na zauna, sai na ga kamar ramin ya biyo ta wannan fuskar. Tsohuwar katifa ce, ɗalibai nawa suka kwana a kanta. Haka na ce wa kaina.

Litinin, 29 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya

Na yanke shawara da safe cewa ba zan ƙara sa mata lamba ba. Na yi tunanin in ta yi fashi uku a jere wani zai tambaya, sai abin ya fita daga hannuna ba tare da na buɗe baki ba. Dabarar matsorata ce, na sani.

Takarda ta iso layinmu. Na sa tawa, na miƙa hannu zan wuce da ita, idona ya sauka sama kaɗan. 20417. Bakwai ɗin da ɗamararsa, sa hannun da lanƙwasarsa.

Na miƙe tsaye a tsakiyar lacca ina duba layukan da ke gabana. Ƙeya ce kawai, ɗaruruwa. Na baya suka yi ta buga tebur in zauna.

Talata, 30 ga Oktoba, bayan azahar

Yau ma lambar tana nan, kuma ban rubuta ba. Na rantse ban rubuta ba, na ma zauna a kan hannuna na dama har takardar ta zo.

Da aka tashi na tare Ofosu, shugaban aji, shi ke tattara takardun. Na ce ya nuna mini na makon nan. Ya ce ni wace ce, 'yar sanda? Na nace, ya buɗe jakarsa yana tsaki. Na nuna masa lambar, na tambaye shi ko ya san mai ita.

"'Yar uwa, ni mutum ɗari tara nake kiwo," ya ce. "Ko tawa fuskar sai na duba katina nake tunawa. Amma wannan ai 'yar kirki ce, dubi, ko fashi ɗaya babu."

Na bi waɗanda lambobinsu ke sama da ƙasa da tata. Na samu ɗaya, wani dogo mai tabarau. Ya ce shi ma ba ya ajin ranar, abokinsa ne ya sa masa. Abokin ya ce bai kula da wanda ke gefensa ba, yana jin dai mace ce, ko kuma kujerar ba kowa.

Alhamis, 1 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Na je ofishin sashenmu. Ban ce a ɗakina take ba, na ce ƙawata ce ban gan ta ba kwana sha shida. Matar ta tambayi lamba, ba ta tambayi suna ba. Ta duba, ta juyo mini da takardun, ta ce ɗalibar da ta halarci lacca shekaranjiya ba ɓatacciya ba ce, wataƙila ni ce ba ta son gani.

Daga nan na tsaya wajen mai gadin ƙofar gidan kwananmu, na tambaye shi a kaikaice ko ya ga fitar wata mai suna kaza. Ya buɗe babban littafinsa ya bi sunaye, ya ce babu mai wannan suna a gidan nan, ba a taɓa yi ba. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ko akwai abin da nake son gaya masa? Na ce babu.

To ga yadda lissafin yake. A inda take kwana ba ta taɓa zama ba, a inda ba ta zuwa ba ta taɓa fashi ba. Rabin wannan da hannuna na gina shi. Ina jin tsoro, kuma ban san ko na mene ne ba.

Juma'a, 2 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Wayar ta yi ƙara sau huɗu. Na kife ta a kan katifa.

Asabar, 3 ga Nuwamba, da safe

Ranar Talata.

An yi ta raɗe-raɗin za a zo binciken ɗakuna. Na dawo daga lacca a gajiye, na same ta kwance fuskarta a bango, a gefena ma, ba nata ba. Na ce ta tashi ta nemi inda za ta raɓa kwana biyu har a gama. Ta ce ina za ta? Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ce ni ba zan rasa gadona ba saboda wadda ko aji ba ta zuwa. Na ce nan ba Karaga ba ce, ba wanda ya ji rediyon.

Ta ɗaura ɗankwali, ta gyara zanin gadon, ta fita. Na ɗauka ƙasa za ta sauka ta huce.

Binciken ma ba a zo ba.

Lahadi, 4 ga Nuwamba, bayan magariba

Sista Konadu ta dawo daga babbar kasuwa da doya da ƙwai da kayan miya, ba ta surutu, abin da ban taɓa gani ba. Can ta ce wani abu ya same ta. Ta ɗauki kayayo, cikin 'yan matan nan masu dakon kaya a daro, ta kai mata kaya tashar mota. Da yarinyar ta sauke, sai ta ce, "Ki lura da ƙwan, Sista Konadu." Kafin ta juyo, ta shige cikin mutane.

Na tambaye ta yaya fuskarta take. Yarinyar ta yi tafiyar minti ashirin a gabanta, ta ce, amma wa ke kallon fuskar 'yar dako?

Talata, 6 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Jiya na yini a kasuwa ban same ta ba. Yau na same ta.

'Yan dakon nan kusan duk 'yan gida ne, Dagbani suke yi, wasu ma na san ƙauyukansu. Kullum nake wuce su ina ɗauke kai, don kada 'yan ajinmu su ji na amsa da harshenmu su haɗa ni da su. Yau da na gaishe su, suka dubi jakata da takalmina kafin su amsa. Wata babba a cikinsu ta ce in 'yar makaranta nake nema, wadda ke karanta musu takardar asibiti, in duba layin masu tumatir.

Tana zaune a kan daronta a kife, gammo a cinya. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Na tsaya a gabanta, ta ɗago, ta dube ni kamar yadda suke duban kowa.

"Madam, akwai kaya?"

Na ce Suhu, ni ce. Ta ce ta sani. Na fara ba ta haƙuri, kalmomin suna ta karo da juna, ta bar ni har na ƙare. Ta ce ba komai, gaskiya na faɗa. Ta ce a nan in ta ɗauki kaya ta kai, an gama, ta san ta iya. Suna kwana su goma sha huɗu a shago ɗaya, kuma in ɗaya ba ta dawo ba kafin a rufe ƙofa, sai an fita nemanta.

Na ce ta dawo, ɗari uku ne suka faɗi, akwai jarrabawa a gaba, har yanzu lambarta na kan takarda kullum. Na tambaye ta ko ita ce ke zuwa ta sa. Ta ce rabonta da ƙofar jami'a tun ranar da ta fita. Ta ɗauka ni ce.

Na ce na daina tun makon jiya. Muka dubi juna.

"To ki bar lambar," ta ce. "Tunda tana zuwa, ki bar ta ta gama. A wajen M'ma, 'yarta na jami'a. Kada ki taɓa mata wannan, Tiyumba, shi kaɗai na roƙe ki."

Wata mata ta ƙwala kira, ta ɗora gammo ta tafi.

Alhamis, 8 ga Nuwamba, da rana

Ban je lacca ba. Ba na son in ga takardar.

Na kore ta sau ɗaya don in tsira da gado. In na yi shiru yanzu, ita ta roƙa, ba mai zargina, kowa ya huta. Abin da ya sa ban yarda da shirun ba ke nan, ya yi mini daɗi da yawa. Gobe Juma'a.

Juma'a, 9 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

Na isa kasuwa kafin ƙarfe uku. Na same ta da buhun albasa a ka, tana bin wata mata. Na bi ta a gefe. Wayar ta yi ƙara, na amsa, na ce M'ma ga ta, na buɗe lasifikar wayar na kai ta bakin Suhu. Hannayenta biyu na riƙe da daro, ba yadda za ta ture. Kallon da ta yi mini ba zan manta ba.

Ta gaishe ta da murya mai kyau, har da dariya. Ta ce yanzu suka fito daga aji, shi ya sa ake hayaniya, ɗalibai ne. Ta tambayi 'yan akuya. M'ma ba ta amsa ba. Muna jin numfashinta, tana saurare. Bayanmu mai kura na ihu a ba shi hanya, masu nama na kaɗa wuƙa, daro na gogar daro.

"Suhuyini," ta ce, "me ke kanki?"

Suhu ta ce ba komai.

"Shekara huɗu na yi dako a kasuwar nan kafin in haife ki. Na san ƙararta, kuma na san muryar wadda ke magana da kaya a ka. Sauke."

M'ma ba ta taɓa faɗa mata wannan ba. Na gani a fuskar Suhu. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya, mai albasa na ta masifa, ni na kama gefen daron muka sauke tare. Ta zauna a kan buhun, ta karɓi wayar da hannunta, ni kuma na matsa nesa.

Asabar, 10 ga Nuwamba, bayan la'asar

M'ma Azaratu ta iso da motar safe, da ƙullin dawadawa kamar wadda ta zo biki. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi gwaji ba. Ta ɗora daron da Suhu ke dako da shi a kanta ba gammo, ta ce a nuna mata mai shi a mayar masa, sannan ta shige gaba cikin lungunan kasuwar ba ta tambayi kowa hanya ba, mu muna binta a baya.

Suhu ba ta yi mini magana ba tun jiya. M'ma ta ce za su kwana wajen wata 'yar garinmu, ranar Litinin su je sashen tare, a ji ko akwai sauran gyara. In babu, su wuce gida, in akwai, a nemi ɗaki. Na ce zan zo in faɗi abin da na rubuta da hannuna, da inda take kwana. Na san abin da hakan zai ja mini.

A tasha, Suhu ta je sayen ruwa, muka rage mu biyu. M'ma ta gyara mini mayafina da ya zame, ta tambaye ni kwana nawa ke nan ina kwana ni kaɗai. Na ce ashirin da biyar.

"Gadon ya ishe ki?" ta ce.

Ba da faɗa ta tambaya ba. Ta tsaya tana jiran amsa, har Suhu ta dawo da ruwan.